Foldar da Ta Ƙi Goguwa

Yayana ba likita ba ne. Bai taɓa riƙe allura ba, ganin jini ma jiri yake sa shi. Duk da haka ya yi shekaru yana yawo da mutuwar wani mutum a wuyansa, mutumin da bai taɓa sa wa ido ba. Ni ce autar gidanmu, kuma ni ya fi zaunarwa yana ba labarin, har na kai ina iya bayanin abin da ya faru a cikin kwamfutar nan tiryan-tiryan, ni da ko wayata sai 'ya'yana sun saita mini.

A unguwa Na-Waya ake kiransa. Tun yana ƙarami aljihunsa ba ya rabuwa da guntayen waya da matattun batura, kuma babu rediyon da ya shigo gidanmu ya fita ba a buɗe cikinsa ba. Baba ya dake shi a kan wannan har ya gaji, daga baya ya koma ce wa baƙi, “Ku ɓoye agogonku, injiniyan gidan yana nan.” Bai yi karatu mai zurfi ba. Baba ya rasu yana ajin ƙarshe na sakandare, sai ya shiga wani shagon buga takardu yana yi wa mutane taifin. A nan ya koyi kwamfuta, a nan kuma ya koya wa kansa rubuta manhaja, daga wasu tsofaffin littattafai da kuma tambayar duk wanda ya tsaya ya saurare shi. Mutum ne dogo mai ɗan ranƙwafawa, mai sanyin hali, bai iya musu ba. In aka ɗaga masa murya sai ya kalli takalminsa ya ce, “To, za a duba.”

Ya yi aure, matarsa ta haifa masa 'yan biyu mata, suna zaune a ciki da falo a ƙarshen wani dogon gidan haya. 'Yan biyun suna rarrafe ya samu aikin da duk muka ɗauka shi ne buɗinsa: wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa, a saman bene, ya ɗauke shi ya kula da kwamfutocinsu. Ofishin da aka ba shi tsohon ma'ajin tsintsiya ne a ƙarƙashin matakala. Tebur ɗaya, kujerar roba, fanka marar murfi, sai warin maganin wanke ƙasa. In zai miƙe sai ya sunkuyar da kai. Amma ranar da ya kai ni na gani, yadda ya buɗe ƙofar sai ka rantse gidan sama ya gina.

A wurin akwai wata na'ura mai girman firji da aka kwantar. Ana jera mata 'yan kwalaben jini, kowace a gurbinta, ita kuma ta auna ta rubuta sakamakon kowane gurbi a cikin ƙaramin fayil, ta ajiye a wata folda a kwamfutar da ke manne da ita. Sunan fayil shi ne lambar gurbi, kuma kowace safiya lambobin daga ɗaya suke sake farawa. Kafin zuwan Yaya, ma'aikaciyar gwajin, wadda kowa yake kira Sista, da hannu take kwafe lambobin nan a takarda, ga layin mutane, ga ciwon ido. Yaya ya rubuta 'yar manhaja da take ɗauko kowane fayil, ta haɗa shi da sunan mai jinin, ta tura wa firinta. Don kada na jiya ya cakuɗu da na yau, ya sa ta fara da abu ɗaya kowace safiya: ta goge foldar gaba ɗaya da abin da ke cikinta, ta ƙirƙiri sabuwa fayau da wannan sunan. Sista ta ce ya cece ta daga makanta. Manajan wurin ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa.

Ba a jima ba abin ya fara gardama. Yawancin safiya lafiya lau. Amma wata ran sai manhajar ta tsaya cak, allon ya nuna an hana ta izini, ko kuma ya ce wani yana amfani da fayil.

Yadda ya yi mini bayani a kicin ɗina, ya ɗauki tukunya ya riƙe kunnenta. “Auta, duk manhajar da ta buɗe fayil, kwamfuta mariƙi take ba ta, kamar wannan. Muddin ba ta saki ba, ba za ki iya jefar da tukunyar ba. Wani lokacin ta gaya miki gaskiya, ta ce ba zai yiwu ba. Wani lokacin kuma ta ce miki ta goge, alhali alama kawai ta sa, tana jiran mai riƙon ya saki. A tsakanin nan ba kya iya shiga foldar, ba kya iya yin sabuwa da sunanta. Sai ta ce ba ki da izini, ke da kika gina ta da hannunki.”

Na ce, “To wa yake riƙewa?”

Ya ajiye tukunyar. “Da na sani ai da magana ta ƙare.”

Waɗanda yake zargi suna da yawa. Akwai manhajar tsaro da take shinshina duk sabon fayil. Akwai manhajar na'urar kanta, wadda wani lokacin ba ta sakin fayil ɗin da ta rubuta. Akwai kwamfutar wurin karɓar baƙi, wadda take iya leƙa foldar ta waya, in wani ya buɗe sakamako ya tashi bai rufe ba. Akwai abin da zai nuna masa mai riƙon, amma sai da babban izini, shi kuwa ba shi da shi. Kwamfutar tare da na'urar ta zo, kamfanin da ya sayar da ita ya kulle ta, ƙaramar kalmar sirri kawai aka ba Yaya.

Duk safiyar da abin ya tsaya, sai a jira shi ya zo ya kashe ya kunna, ko ya zagaya yana rufe abubuwa har foldar ta saku. Mutane kuwa suna zaune a benci, da yawansu ba su karya ba saboda gwajin, ga masu ciwon suga suna rawar jiki, ga tsofaffi suna mita. Wata safiya motar hayar da ya shiga ta lalace a hanya, ya iso ya tarar da Manaja a bakin matakala.

“Na-Waya, me ya tsayar da mu yau kuma?”

“Yallaɓai, foldar ce. Wani abu ya riƙe fayil a ciki.”

“Wane ne wani abu?”

“Shi ne ban gano ba tukuna. Da za a kira kamfanin su buɗe mini izini, ko su sa na'urar ta riƙa rubutu a sabuwar folda kowace rana, da an huta.”

“Kamfanin nan in suka taka ƙafarsu nan, kai za ka sallame su? Mutane sun tashi sun tafi wani wuri da yunwarsu. Ni ban san folda ba, ban san mariƙi ba. Abu ɗaya na sani, kada abin nan ya sake tsayawa.”

Yaya ya kalli takalminsa ya ce za a duba.

Abin da ya yi shi ne, ya sa manhajar in gogewa ta ƙi, ta ɗan jira ta sake gwadawa, ta sake, ta sake. In har ta ƙi, to kada ta tsaya, ta wuce da aikinta. A lissafinsa, ko wani tsohon fayil ya rage, na'urar za ta rubuta sabon sakamako a kansa ta danne shi. Ya gwada sau da dama, kullum haka take yi. Abin da bai gwada ba shi ne fayil ɗin da har lokacin ake riƙe da shi. Wannan na'urar ba ta iya rubutu a kansa, kuma ba ta yin ƙorafi, wucewa take yi gurbi na gaba.

Daga nan abin bai sake tsayawa ba. Aka yi fiye da shekara cikin kwanciyar hankali. Yaya ya yi ƙiba kaɗan, 'yan biyun suka shiga makaranta, matarsa ta fara maganar su nemi gida mai ɗaki biyu. Ni kaina ina tsokanarsa, in ce injiniyan ƙarƙashin matakala ya kusa hawa sama.

Wata safiya Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Yaya ne ya ɗauke ta zuwa asibiti, ya wuni a can, bai je aiki ba. A ranar wani direban motar makaranta ya zo gwaji. Ƙafafunsa sun kumbura, bayansa yana ciwo, likita ya turo shi a duba ƙodarsa. Aka sa kwalbarsa a gurbi na tara. Takardar da ta fito da sunansa ta nuna ƙoda lafiya ƙalau. Likitan ya duba, ya ce gajiyar tuƙi ce, ya rubuta masa maganin ciwon jiki mai ƙarfi, irin wanda ba a ba mai ciwon ƙoda. Ya yi ta sha yana tuƙa yara makaranta, har ranar da ya faɗi a bakin motarsa.

A babban asibitin da aka kai shi, likitan da ya ga sabon gwajin ya karɓi tsohuwar takardar ya ce wannan ba jinin mutumin nan ba ne, ƙodar da ta lalace haka ba jiya ta fara ba. 'Yan'uwansa suka zo ɗakin gwajin da takardar a hannu. Sista ta koma baya ta duba kwafin takardun da aka buga, ta ga lambobin direban iri ɗaya ne sak da na wata budurwa da aka gwada kwana ɗaya kafin shi, ita ma a gurbi na tara. Fayil ɗin budurwar ne ya ƙi goguwa, na'urar ta kasa danne shi, manhajar Yaya ta ɗauko shi ta manna masa sunan direba. Washegarin ranar kuma mai riƙon ya riga ya saki, manhajar ta goge foldar tas kamar yadda aka koya mata, babu abin da ya rage da za a duba.

Hukumar lafiya ta turo mutane. Suka zauna a ofishin Manaja, aka kira Yaya. Tambayarsu ɗaya ce, wa ya rubuta manhajar, wa kuma ya sa ta riƙa wucewa in ta kasa gogewa. Ya ce shi ne. Ya fara bayanin mariƙi da izini, wata daga cikinsu ta ɗaga hannu ta ce ba wannan suka zo ji ba. Manaja ya ce shi bai taɓa cewa a cire wani tsaro ba, cewa kawai ya yi a gyara, kuma a gaskiya kalmar cirewa ba ta fito daga bakinsa ba. Sista ta rantse ba ta bar komai a buɗe ba. Aka ci tarar wurin, aka sallami Yaya. A satin ne kamfanin na'urar suka zo, su da aka ce ba za a iya kira ba, suka wanke kwamfutar suka zuba nasu tsarin.

Direban ya ɗan jima ana yi masa wankin ƙoda, sannan ya rasu. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Yaya ya ce zai je ya ga matar. Matarsa ta ce, “Baban 'yan biyu, me za ka ce mata? Ka bar mutane da abin da ya dame su.” Bai ji ba. Ni na raka shi, don ina tsoron kada a yi masa wani abu. Gidan yana can bayan garejin motoci, ɗaki ne da 'yar rumfa. Muka tarar da ita tana wanki a bakin famfo, kayan makarantar yara cike da baho. Muka yi gaisuwa, ta ba mu tabarma. Da Yaya ya faɗi ko shi wane ne, ba ta tashi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsame hannunta daga kumfa ta goge a zaninta.

Ta ce, “An ce mini ranar ba ka je aiki ba.”

“Haka ne. Mahaifiyarmu ce ta karye.”

“Allah ya ba ta lafiya. Da ka je, da yana nan?”

Na so ya ce e, ko ya ce a'a, kowanne dai. Ya kalli bahon, sannan ya ce, “Ko na je ba zan gani ba. Na riga na sa kwamfutar ta daina faɗa mini.”

Ta jinjina kai. “To me ya kawo ka, malam?”

“Na zo in ba ki haƙuri.”

“Na ji. Haƙuri kam shi nake ta yi.” Ta mayar da hannunta cikin ruwan. “Ku gaida gida.”

A hanyar dawowa ne, muna tsaye muna jiran mota, ya faɗi abin da ya fi mutuwar direban cinsa. Ya ce, “Auta, kafin in canza manhajar, abin nan yakan tsaya lokaci-lokaci. Bayan na canza, mai riƙon ai bai daina riƙewa ba. Shiru kawai aka yi. Fiye da shekara. Wannan ne kawai aka kama.”

Na ce wataƙila shi kaɗai ne.

Ya ce, “Wataƙila.”

Ya koma wurin Manaja. Bai nemi a mayar da shi aiki ba. Roƙo ya yi a bar shi, ko a sa wani, ya bi tsofaffin sakamakon shekarar nan, a nemo duk inda na yau ya zo iri ɗaya da na jiya a gurbi ɗaya, a kira mutanen su sake gwaji. Ya ce aikin ba shi da wuya, kuma ba ya son komai a kai. Manaja ya saurare shi har ƙarshe, ya rufe ƙofar ofis, ya ce da shi a hankali, “Na-Waya, mutum nawa suke cin abinci a wurin nan? So kake in fita titi in yi shela cewa duk takardar da muka ba mutane a shekara guda abar zargi ce? An bincika, an rufe magana. Ka je ka nemi abin da za ka ciyar da 'ya'yanka.” Ya je hukumar, aka ce mai kula da maganar ya tafi hutu. Ya koma, aka ce an canza masa wurin aiki. Ya sake komawa, wani ya ce masa ai shi ne mai laifin, da wane baki yake kawo ƙara.

Daga nan ya fara abin da ya sa mutane suka ce ya taɓu. Da safe sai ya yi wanka ya sa rigarsa ta aiki, ya je ya tsaya a tsallaken titin ɗakin gwajin, kusa da mai gyaran takalma. Duk wanda ya sauko da ambulan a hannu sai ya tare shi da sallama, ya tambaye shi ko ya taɓa gwaji a nan bara, in ya taɓa ya daure ya sake a wani wuri. Wasu su saurare shi su wuce. Wasu su ce wani ɗakin gwajin ne ya turo shi ya kashe wa mutane kasuwa. Wata tsohuwa ta miƙa masa sadaka. Masu zuwa yanzu yawancinsu ba su ne na bara ba, ya san da haka, amma ya ce ba shi da wata hanyar. Maigadin wurin, wanda a da suke shan shayi tare, ya tsallako ya ce, “Don Allah, Na-Waya, ka rufa mini asiri, an ce in kore ka, ni kuma ba zan iya ba.” Da bai daina ba, aka kira masa 'yan sanda. Mijina ne ya je ya karɓo shi, bayan ya sa hannu cewa ba zai ƙara zuwa titin ba.

Bayan wani lokaci aka sayar da wurin. Sababbin masu shi suka mayar da shi shagon kayan ɗaki. Na'urar ta tafi wani gari, kwamfutocin aka sayar wa masu gwangwan, takardun kuma babu wanda ya san inda suka shiga. Na wuce ta wurin na leƙa, ƙarƙashin matakalar an jibge katifu.

Ya nemi aikin kwamfuta a wurare da dama. Garin ba shi da girman da labari zai ɓata. A wata makaranta har an ce ya fara ranar Litinin, sai aka kira shi aka ce an ɗage. Shi ma kansa hannunsa ya mutu. Wani tsohon abokinsa ya ba shi ɗan aikin rubuta manhajar shago, abin da a da zai gama a zama biyu. Ya yi wata da watanni yana ƙara mata tsaro a kan tsaro, kowane mataki sai ta tsaya ta tambayi mutum ko ya tabbata, har abokin ya ce wannan ai ta fi surukar mutum tambaya, ya ba wani.

A gida ya sayo wata tsohuwar kwamfuta ya kafa a falo, yana ƙirƙirar folda yana gogewa, yana riƙe fayil da wannan manhaja ya saki ya riƙe da waccan. Yana iya sa abin ya faru duk lokacin da ya so, ta hanyoyi daban-daban. Wannan bai gaya masa wanne ne ya faru a waccan safiyar ba, bai kuma gaya masa sau nawa ba. Matarsa ta samu aikin raino a wata makarantar ƙananan yara, ita take riƙe da gidan. Ba ta taɓa yi masa gori ba, a gabana dai. Amma wata rana na je na tarar ta naɗe wayoyin kwamfutar ta tura ta ƙarƙashin gado, ta ɗora tukwane a teburin. Ta ce mini, “Auta, ni ban ce bai yi kuskure ba. Amma mutumin can sau ɗaya ya mutu, mu kullum muna cikin zaman makokinsa. Yaran nan tsoron shiga falo suke yi.” Yaya yana zaune a bakin ƙofa yana jin ta, kuma bai sake fito da kwamfutar ba.

Mama ba ta sake takawa sosai ba bayan karayar. Har ta rasu tana cewa da ba ta faɗi a ranar ba da ɗanta bai shiga wannan hali ba. Ya yi mata bayani ya fi a ƙirga cewa zuwansa ba zai canza komai ba. Ba ta yarda ba, ta ce yana faɗa ne don ya kwantar mata da hankali.

Yanzu yana zama a wata rumfar kayan waya a bakin tashar mota, ta wani yaron unguwarmu da ya girma a gabansa. Yana manna wa mutane gilashin kare fuskar waya, yana tura musu hotuna daga tsohuwa zuwa sabuwa. Hannunsa yana da kyau, ba ya barin kumfa ko ɗaya a ƙarƙashin gilashi. In kwastoma ya ce wayarsa ta cika a rage masa kaya, sai ya miƙa masa ya ce ya danna da kansa, ko ya jira mai rumfar. Mai rumfar yakan yi dariya ya ce Baba Na-Waya ba ya kashe ko sauro. Gashinsa ya yi fari kafin lokacinsa, ranƙwafawar ta ƙaru. Wani lokacin yana cikin aiki sai ka ga ya bi wani mai wucewa da kallo, musamman mai jan ƙafa ko wanda fuskarsa ta kumbura, har ya ɓace a cikin taro.

'Yan biyun sun zama 'yan mata. Ɗaya tana koyon ɗinki, ɗayar tana da kai sosai a lissafi, malamanta suna cewa a kai ta gaba. Ba su cika hira da shi ba. Suna gaishe shi, suna kai masa abinci, yana sa musu albarka.

Satin da ya wuce na biya ta rumfar. An shafa wa duk rumfunan layin jan fenti, za a faɗaɗa titi, an ce su kwashe. Mai rumfar ya samu wani ɗan lungu a cikin kasuwa, amma wurin mutum ɗaya ne, ya kuma faɗa wa Yaya gaskiya. Na tarar da shi yana jera gilasan a kwali, yana ware su bisa girman waya, yana ɗaure kowane kashi da roba.

Na ce, “Yaya, to yanzu ina za ka?”

Ya ce akwai wani mai sayar da caja a ɗaya gefen tashar, an ce yana neman mai zama masa, amma bai je ba tukuna. Ya tambaye ni jikin mijina, ya tambayi ko ƙaramin ɗana ya daina tarin nan. Na ce ya daina. Na zauna a kan benci ina riƙe masa bakin kwalin yana zubawa. Motar unguwarmu ta zo ta cika ta tafi, wata ta zo. Da ta uku ta tsaya ya ce in tashi kada rana ta yi mini, ya karɓi jakata ya raka ni har ƙofar motar.